Fiffiken Gida da Tumbin Usta Ragab

Ranar da sikelin asibitin sojan sama ya kayar da Usta Ragab, babu wanda ya kai matarsa Nagat farin ciki a duk kudancin Alƙahira. Da la'asar ya shigo gida yana jan ƙafa, ya rataye rigar aikinsa a bayan ƙofa, ya zauna a kujerar falo har sai da ta yi ƙara. Ya ce likita ya auna shi, ya sake aunawa, ya sa ya cire takalmi da agogo da ɗamara, amma allura ta ƙi ja da baya. Nauyinsa ya wuce ƙa'ida, don haka ba shi zai shiga jirgin ba.

Nagat ta dafe ƙirji, ta yi salati, ta tsine wa sikelin da wanda ya ƙera shi. Daga nan ta wuce kicin ta tura ƙofa, ta jingina da firij ta yi ta hamdala har da hawaye. Rabon da ta ja numfashi ya kai mata har ciki tun kafin Babbar Sallah. Sai da ta wanke fuska ta gyara ɗankwali, ta ɗaura fuskar jimami, sannan ta fito masa da shayi.

Shekara talatin Ragab yana aiki a masana'antar jiragen yaƙi da ke bayan gari, kuma shi ne shugaban sashen fukafukai. Duk tsawon shekarun nan aikinsu haɗawa ne. Jirgi ya iso daga ƙasar masu shi cikin manyan akwatunan katako, gunduwa-gunduwa, kowace ƙusa da lambarta, ga lasisi yana biye yana faɗin abin da za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba. Su ɗaure, su shafa fenti, su manna tutar Masar, a kira 'yan jarida a ɗauki hoto. Ragab yakan ce ba su da maraba da mutumin da ya sayo gado a kanti, ya haɗa shi a ɗaki, ya fito yana ce wa maƙwabta shi kafinta ne. Shekarar da aka sami saɓani tsakanin gwamnatoci akwatunan suka daina zuwa, sai ga ƙarti zaune a rumfa suna shan shayi, suna kallon jirage marasa fiffike kamar kajin da aka fige. Tun daga lokacin ya ɗaura ɗamarar sai an ƙera a gida. Aka yi ta ja-in-ja, da masu lasisi da manyan ofis, har dai aka yarda su fara da fiffike. Inji kam har gobe a akwati yake zuwa, wannan ko Ragab bai musa ba.

To, masana'antar tana da wata al'ada da ta gada daga wani tsohon darakta wanda bai yarda da sa hannu a takarda ba. In jirgi mai kujera biyu zai yi tashinsa na farko, wanda ya ce ya gama aikinsa shi zai zauna a bayan matuƙi. Ragab ya hau ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma Nagat ba ta taɓa rasa barci a kan haka ba. Har gurasa da cuku take ƙunsa masa, kamar mai tafiya Iskandariyya a jirgin ƙasa. Ai kayan Turawa ne, me zai same shi? Matsala ɗaya ce dama: kujerar jirgin yaƙi ba kujerar bas ba ce. In abu ya ɓaci a sama, ita ce ke cilla mutum waje da lema, kuma tana da iyakar nauyin da take ɗauka. Ragab kullum a bakin iyakar yake, shi ya sa in tashi ya matso sai ya koma cin ganye da yawo a bakin Nilu yana huci.

Wannan karon ne aka ce jirgin da zai hau da fiffiken gida zai tashi, wanda aka yanka aka lanƙwasa aka ɗaure a nan bayan gari, da hannun mutanen da Nagat ta san matansu a kasuwa.

Yayanta Fawzi shi ya hura wutar. Tsohon mai kula da sito ne a masana'antar, ya yi ritaya, kuma rabin rayuwarsa a kan akwatunan nan ya ƙare, yana ƙaunarsu kamar shi ya haife su. Duk Juma'a sai ya zo cin abincin rana, kuma duk Juma'a sai sun kwashi 'yan kallo shi da surukinsa. Fawzi ya ce mu da ashanarmu sai ka ƙyasta uku kafin ɗaya ta kama, mu ne za mu ƙera abin da zai riƙe mutum a sararin samaniya? Ragab ya ce wanda ya saba a tauna a ba shi, haƙoransa ma aro ne. Su yi dariya, su raba kankana. Amma Nagat ba ta dariya, domin ita ta tuna fankar sama 'yar gida da ta taɓa saya da murna, wadda wata rana da tsakar zafi fiffikenta ya fice ya tsaga labule gida biyu. Mutanenmu haka suke, Allah ya shirye mu. Sai mu yi ta kurarin ƙasarmu uwar duniya ce, amma in an zo sayen ko da tukunya ce sai mu juya gindinta mu ga wace ƙasa ta buga hatimi.

Ba ta roƙe shi ya janye ba, don ta san wanda take aure. Sai ta nufi inda ta fi ƙarfi. Da safe wake ya daina zuwa shi kaɗai, ya zo yana iyo cikin man shanu da ƙwai a kai. Da rana tattabaru cushe da alkama, ko agwagwa, ko miyar lalo da zomo a kan shinkafa mai maiƙo. Da yamma ta murza fatir, gurasar nan mai ninki-ninki da ake shafe kowane ninki da man shanu, ta ajiye zuma da kirim a gefe. In ya ɗaga hannu zai ce ya ƙoshi, sai ta ƙirƙiro dalili: yau sadakar marigayiya mahaifiyarta ce, gobe maƙwabciya ce ta aiko kuma mayarwa cin fuska ne, jibi ta rantse da ran 'yarsu in bai ƙarasa ba ba za ta sa komai a bakinta ba. Shi kuwa bawan Allah ya yi ta ci, ko tari bai yi ba. Yawon bakin Nilu ya koma zaman baranda. Ranar da ta ga ya ƙara huda a ɗamararsa da ƙusa, ta ji kamar ta yi guɗa, ta kuma yaba wa kanta da wayo.

Saboda haka a yammacin ranar sikeli Nagat sai yawo take a gida kamar an sauke mata buhun siminti daga ka. Ta shayar da tukwanen na'ana'a na baranda, ta yi wa mai gadin bene kyautar ragowar agwagwa, har ta kama kanta tana 'yar waƙa a wurin wanke-wanke ta yi maza ta mayar da ita tari. Wa zai hau a madadinsa, ba ta tambaya ba. A ranta ta ɗauka wani darakta ne cikin masu kwalliya da taurari a kafaɗa, su da suka iya yanka ƙyalle a gaban kyamara.

Bayan magariba 'yarsu Rihab ta dawo. Ita kaɗai Allah ya ba su, injiniya ce a masana'antar, a ofishin da ake lissafin ƙarfin ƙarfe, siririya kamar tsinken tsintsiya duk da ta tashi a gaban wannan tukunya. Ko jaka ba ta ajiye ba ta rungume uwar ta baya.

"Mama, taya ni murna. Ni zan hau."

"Ki hau me?"

"Jirgin mana. In shugaban sashe bai samu dama ba, wanda ya yi lissafin fiffiken shi ke biye. An auna ni ɗazu, likita ya ce saura kaɗan ya sa a cika min aljihu da duwatsu."

Faranti ne a hannun Nagat, ta ajiye shi a hankali don kar ya faɗi. Gudun gara ta yi, ga ta tsundum a gidan zago. Ta dubi Ragab, shi kuwa ya duƙufa yana ɓare lemo kamar babu abin da ya fi wannan muhimmanci a duniya.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da yawa, amma ta sha wuyarsu. Washegari ta ajiye wa mijin ganyen latas da ruwan lemon tsami, ya kalli kwanon ya kalle ta, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma likita ya riga ya rufe maganar. Ta juya kan Rihab da fatir, ta ga ko shekara za a yi ana ɗura mata ba za ta kai inda ake so ba. Ta gwada hani da tsawa, ta gwada kuka. Rihab ta sumbaci goshinta ta zaunar da ita, ta yi mata bayani dalla-dalla: sun ƙera fiffike irinsa sak, suka sa shi a na'ura aka yi ta lanƙwasa shi fiye da duk abin da iska za ta iya yi masa, kuma bai karye ba sai a daidai wurin da lissafinta ya nuna, a daidai nauyin da ta faɗa. Yarinyar tana faɗa ido na ƙyalli. Cikin duk wannan dogon bayani, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Nagat, wato ya karye.

Fawzi ya zo ranar Juma'a, ya ji labari, ya sauya baki. Ya ce ai shi wasa yake yi, ashana daban jirgi daban. Ta ce masa ya ci abincinsa ya tashi tun tana ganin girmansa na yaya. Abin da ya fi cin ta shi ne ba ta da wanda za ta kai wa ƙara. Da hannunta ta murza fatir ɗin, da bakinta ta yi rantsuwar.

Ranar tashi aka yi wa iyalan ma'aikata rumfa a gefen titin jirgi, da kujerun roba da ruwan sanyi. Jirgin yana can tsaye a rana, launin toka, in ba an faɗa maka ba ba za ka ce fiffikensa ya bambanta da na sauran ba. Matuƙin, Kanar Milad, mutum mai furfura a gefen kai, ya zo har rumfar ya gaishe ta. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya uku da matar da ba ta yafe latti, kuma a kan fiffike ɗaya zai zauna da 'yarta. Rihab ta wuce cikin koren kaya da suka yi mata yawa, hular ƙarfe a hammata, ta ɗago musu hannu. Aka ɗaure ta a kujerar baya, gilashi ya sauko ya rufe.

Ƙarar injin ta shiga har haƙora. Jirgin ya gangara, ya yi gudu, ya ɗaga hanci, sai ga shi ya rabu da ƙasa ya nufi wajen hamada yana ƙanƙancewa. Mutane suka miƙe suna tafi. Nagat ta kasa tashi. Ta kamo hannun rigar mijinta ta jawo shi ƙasa kusa da ita.

"Abu Rihab, ni na sa ta a ciki. Da gangan na yi ta ɗura maka abinci don sikeli ya kayar da kai."

"Na sani."

Ta saki rigar. Shi kuwa idonsa na sama, ya kare rana da tafin hannu.

"Shekara talatin ina cin girkinki, Ummu Rihab, kina tsammanin ba zan gane ranar da kika ninka man shanu ba? Marigayiya surukata ma, Allah ya jiƙanta, sau nawa aka yi mata sadaka a wata guda?"

"To don me ka ci?"

"Fiffiken nata ne. Mu muka yanka muka ɗaure, amma ita ta haife shi a takarda, ita ta kwana da shi ta tashi da shi. In na ce na janye, a ce tsoro na ji. In na ce a ba ta, a ce na fifita 'yata. Ina cikin neman mafita sai ga ki da tire."

"Ka san ita ce ke biye, ka bar ni?" Ta sake kamo rigarsa. "'Yarka guda ɗaya tilo?"

Sai a lokacin ya sauke hannu ya juyo gare ta sosai.

"Dube ni da kyau. Da akwai ƙusa ɗaya a jikin fiffiken nan da zuciyata ba ta kwanta da ita ba, wallahi da ruwa da gishiri zan rayu har sai na shige kujerar nan. Ko ke ko likita babu mai hana ni. Duk lomar da kika ga na haɗiye, na haɗiye ta ne don na san abin da muka ƙera."

Nagat ta dube shi, ta dubi tumbin da ya cika rigar Sallarsa har maɓallai suna neman agaji. Ta san mutumin nan. Shi ne wanda ya riƙa duba tayoyin motar makarantar Rihab kowace safiya har direban ya kai ƙararsa. Shi ne wanda ya hana yarinyar tsallaka babban titi ita kaɗai har ta shiga sakandare. In wannan mutum ya zauna ya ci tattabaru har ya ƙara huda a ɗamara alhali ya san wa zai hau, to babu takardar Bature da ta kai wannan shaida. Bayanin na'ura da lissafi bai shige ta ba, amma wannan ya shige ta sarai. Hankalinta ya kwanta, kuma jirgin ko juyowa bai yi ba tukuna.

Ta so ta yi fushi, don ya cancanci a yi masa, amma ta nema ta rasa. Sai ta ce masa za su yi maganar a gida, ya ce ya sani. Ta karɓi ruwan da ke hannunsa ta shanye, ta miƙe tsaye cikin mutane.

Da jirgin ya dawo ta kansu, a karon farko ta kalle shi da ido biyu. Ya kwanta a gefe guda, ya mirgina, rana ta haska cikin fukafukansa, ya miƙe ya haura har ya zama ɗigo, ya sake sulalowa. Gabanta ya faɗi, ba za a ce bai faɗi ba, uwa ce. Amma faɗuwar gaba ce irin ta mai kallon ɗanta a kan lilo. Ma'aikatan sashen fukafukai sun jeru a gaban rumfa babu mai ko motsi, tsofaffi da matasa, wasu suna addu'a ƙasa-ƙasa. Ta gane mijin mai sayar mata da cuku a cikinsu, ta gane ɗan maƙwabciyarsu ta bene na uku. Ta ji kunyar abin da ta daɗe tana ɗauka game da su.

Tayoyi suka taɓa ƙasa da ɗan hayaƙi, wata ƙaramar lema ta buɗe a wutsiya ta rage masa gudu. Wurin ya kaure da kabbara da guɗa. Ƙarti masu gashin baki suka rungume juna suna kuka ba kunya. Fawzi, wanda ya lallaɓo ya zauna a layin baya, yana ta gaya wa na kusa da shi cewa 'yar ƙanwarsa ce, kuma shi tun farko ya ce fiffiken zai yi. Nagat ta ji shi, ta ƙyale, yau ba ranar faɗa ba ce.

Rihab ta sauko daga tsani tana tangaɗi, fuskarta ta koma kamar ruwan lalo, tana ɓoye wata 'yar jakar takarda a bayanta. Ta ce cikinta ne ya ba da ita, fiffike kam ko gezau bai yi ba. Nagat ta rungume ta, ta shafa kanta da kafaɗunta da hannuwanta kamar mai duba ko an dawo mata da kayanta cikakku, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ba a daɗe ba manya suka janye yarinyar da Kanar Milad zuwa gaban jirgi don ɗaukar hoto.

Suka rage su biyu a bakin rumfa. Ragab bai bi masu hoto ba, ya tsaya hannuwansa a kan tumbi yana kallon fiffiken daga nesa. Nagat ta dubi hannuwan: kauri, tabon ƙuna a bayan na dama, farcen babban yatsa da ya taɓa fashewa bai koma daidai ba. A ƙasar nan in mutum ya ci girki ya ji daɗi, ko aka yi masa aiki ya yi kyau, akwai addu'ar da ake yi wa hannun da ya yi. Kullum sai ya yi mata ita in ya tashi daga kan abinci, ko da wake ne da gurasa. Ta laluba cikin shekarunsu talatin ta nemi ranar da ita ta taɓa yi masa, ba ta samu ba.

"Abu Rihab."

"Na'am."

"Allah ya kiyaye hannuwanka."

Ya juyo kamar bai ji daidai ba. Ya dubi hannuwan nasa, ya juya su ciki da baya, sannan ya ciro hankici ya ce ƙurar injin nan tana shiga ido. Ta ce ƙwarai kuwa, ita ma ta shigar mata. Suka tsaya a nan kafaɗa da kafaɗa har aka zo aka ja jirgin zuwa rumfar jirage.